ADON BAƘUWA: Magana Ga Matanmu Mazauna Nesa Da Gida



Ruwan kogin Haɗeja ya fara ja da baya. Masu fadama a Auyo da Kirikasamma da Guri suna shirin noman rani, kasuwar kifi kuwa ta cika da banda. A daidai wannan lokaci ne kuma telolin gari suke rabuwa da barci, gama bikin Kirsimeti ya ƙarato, mata da yawa a cikinmu sun fara lissafin abin da za su sa a jiki ranar da za su sauka daga mota a garinsu. A kan wannan lissafi muke so mu yi magana yau. Abin da za mu faɗa ba daga wurin furta zunubi muka samo shi ba, gama wannan ƙofa a rufe take har abada. Mun samo shi ne a ziyarar gidaje, da wurin sulhunta mata da miji, da kuma bakin ƙofar majami'a bayan Misa.

Yawancin waɗanda suke cika kujerun sujada a Haɗeja da Malam Madori da kewaye ba a nan aka yanke musu cibiya ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Malam Madori ta kai Nguru a shekarar 1930, baƙi suka fara zuwa neman abinci, sa'an nan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya ƙaro wasu: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, matan 'yan sanda, matan 'yan kasuwa, da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima. Wata daga Zonkwa take, wata daga Shendam, wata daga Gboko, wata daga Onica. Akwai kuma 'ya'yanmu mata da suka ƙetare teku zuwa Ingila da Amurka da Italiya da ƙasashen Larabawa, waɗanda iyayensu suke aika musu da wannan takarda ta wayar hannu. Dukansu sunansu ɗaya ne: baƙuwa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan magana tana da ciwo ga wadda ta yi shekara ashirin a gari ana ce mata raɓa har yanzu.

Bari mu fara da kawar da wani kuskure. Ikklisiya ba ta gaba da kwalliya. Allah da ya yi wa tsuntsayen da suke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru ado iri-iri ba zai ƙi jinin atamfa mai kyau ba. Waliyyi Faransis na Sales, a littafinsa na gabatarwa ga rayuwar ibada wanda ya fito a 1609, ya bayyana cewa burinsa shi ne masu ibada su fi kowa tsafta da tsari a cikin taro, amma su fi kowa nisa da fahariya. Katikisim na Ikklisiyar Katolika, a sashe na 2521 zuwa 2524, ya koyar da cewa kunya ita ce take yi wa mutum jagora wajen zaɓen tufafi, ya kuma yarda cewa kamanninta suna bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Saboda haka macen da ta yafa gyale za ta shiga kasuwar Haɗeja, don girmama maƙwabtanmu Musulmi waɗanda a cikinsu muke zaune, ba ta musunta bangaskiyarta ba. Hankali ta yi, muna kuwa yaba mata. Lalle da kitso da kwalli da turare ba zunubi ba ne. Kada wani miji ya ɗauki wannan takarda ya ce Fada ya hana a sayi sabon zane, gama ba mu faɗa ba.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wata baƙuwa wadda ta san sha'anin ado fiye da kowace mace a cikinmu. Esta Bayahudiya ce, marainiya, tana zaune a Shushan, babban birnin Farisa, nesa da ƙasar kakanninta. Sura ta 2 ta littafinta ta nuna cewa kowace budurwa takan yi wata goma sha biyu ana yi mata gyaran jiki kafin ta shiga gaban sarki, wata shida da man mur, wata shida da turare da kayan shafe-shafe. A ranar shiga kuwa duk abin da budurwa ta roƙa akan ba ta. Ku duba aya ta 15: da aka zo kan Esta, ba ta nemi ƙarin kome ba, sai abin da mai lura da su ya shawarta. An buɗe mata taskar sarki, ta ɗauki abin da ya isa, ta bar sauran. Daga baya, sa'ad da aka ƙulla makircin hallaka mutanenta, addu'arta wadda take cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika ta nuna ta tuɓe kayan sarauta ta sa na makoki, ta kuma shaida wa Allah cewa rawanin da yake kanta ba ya burge ta, ba ta ma sa shi sa'ad da take ita kaɗai. A rana ta uku ta sake yin ado, ado na gaske, ta shiga wurin sarki don ta ceci rayuka. Esta ita ce take sa tufafi ta kuma tuɓe su a lokacin da ta ga dama. Tufafin ba su taɓa mallakarta ba. Wannan 'yanci ne muke jin tsoro yana kuɓuce wa matanmu.

Mene ne yake sa baƙuwa ta fi 'yar gari kashe kuɗi a kan sutura? Mun daɗe muna tunanin wannan, amsar da muka samu kuwa ba son banza ba ce, kamar yadda maza suke saurin faɗa. A garinku kowa ya san mahaifinki, ya san gonarku, ya san wadda ta goye ki. Ko da tsohon zane kika fita, sunan gidanku yana tafe a gabanki. A baƙunci ba mai faɗar ko ke wace ce, sai zanen da yake jikinki ya zama mai magana a madadinki. Ga wannan nauyi a gefe ɗaya. A ɗaya gefen kuma ga na gida, waɗanda suka ɗauka duk wanda ya yi nisa ya yi arziki. Idan kin koma a watan Disamba da kayan bara, sai a fara raɗa: me take yi a can Arewa? Tsakanin idon baƙi da idon dangi mace take tsaye, kowanne yana neman a biya shi, kuma da kuɗin albashi ɗaya.

Abin da ya fi cin wannan albashi shi ne anko. Ɗaurin aure anko, suna anko, jana'iza anko, taron ƙungiyar 'yan gari anko, bikin godiyar girbi anko, har ranar haihuwar yaron da bai fara tafiya ba. Asalin anko abu ne mai kyau: alama ce cewa muna tare, mai shi da marar shi su zama ɗaya a ido. Zanen Zumuntar Mata Katolika da wannan nufi aka yi shi, har yau kuwa babu abin da ya fi faranta mana rai kamar ganin iyayenmu mata sun shigo da baiko cikin zane ɗaya, ana kaɗa tulu da kacau-kacau, ba a bambanta matar babban ma'aikaci da mai sayar da ƙosai. Amma ankon da ake fitarwa yanzu ya juya wa asalinsa baya. Masu hali su ne suke zaɓa, marasa hali su bi da bashi. Ba a kuma tsaya ga turmin ba: ga kuɗin ɗinki, ga gwaggwaro, ga takalmi da jaka masu dacewa, ga mai kwalliyar fuska, ga gashin kanti. A sa sau ɗaya, a ɗauki hoto, a ninke a jefa akwati.

Mu tuna kuma zamani ya sake. Iyayen da yawa daga cikinmu sun yi aiki a masaƙun Kakuri a Kaduna, a lokacin da atamfar da mace take ɗaurawa a ƙasarmu ake saƙa ta. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Yawancin atamfar da take cika Kantin Kwari a Kano yau daga ƙasar Sin take zuwa, Holan daga Holan, gezina da leshi masu tsada daga Turai. Duk da dala ake sayo su. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Mafi ƙanƙantar albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Kowace mace ta ɗauki fensir ta rubuta anko nawa ta yi daga Janairu zuwa yau, ta haɗa da ɗinki da abin da ya biyo baya, ta ajiye jimlar kusa da kuɗin makarantar ɗanta na zango ɗaya. Ba mu bukatar mu faɗa mata amsa.

Za mu yi adalci a nan. Ba kowane sayen kaya ne ɓarna ba. Maƙwabtanmu Hausawa mata sun daɗe da sanin cewa sarƙar gwal asusu ce, ranar wahala a kai ta kasuwa ta fitar da mai ita kunya, turmin atamfa mai daraja wanda ba a yanka ba kuwa dillaliya za ta karɓe shi. Wannan dabara ce. Amma leshin da aka riga aka yanka aka ɗinka bisa yayin bana, da gashin kanti, da takalmin da ba ya iya taka yashin Haɗeja, ba su da mai saye. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yanki sun san abin da ya rage wa iyali sa'ad da ruwa ya shiga ɗaki: akwatin tufafi ya jiƙe ya yi fumfuna, abin da aka ajiye a banki ko a adashi shi ne ya sayi hatsi.

Ga manomin wannan kwari, misalin bashi ba shi da wuyar ganewa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin bai koma yadda tsofaffi suka san shi ba. Da can yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu kuwa ruwa yana bin wasu rassa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta sami abin da take so. Ba ta zuwa da rana ɗaya. Tsiro ɗaya ne a bakin gaɓa, ba wanda ya kula, kafin a farga ta toshe hanya, ruwa ya kasa kaiwa gonar da take jiransa, ya malale inda ba a so shi. A cikinta kuma tsuntsayen nan masu cinye shinkafa da gero suke yin sheƙa, waɗanda ake kira jan-baki. Sunan ma ya zo daidai da zancenmu. Haka bashin ado yake. Dubu biyu wurin dillaliya, dubu biyar wurin tela, kwasar adashi da aka ci tun ba ta zo ba, sa'an nan rancen da ake karɓa ta wayar hannu, wanda masu shi suke aika saƙon tozarci ga dukan sunayen da suke cikin wayar mutum idan ya makara. Albashi yana shigowa kamar yadda ya saba, amma ba ya ƙara kaiwa tukunya, ba ya kaiwa makaranta, ba ya kaiwa wurin tsohuwar da take jira a ƙauye. Daga nan sai ɓoye-ɓoye ya shiga aure. Mun zauna da ma'aurata da suka kusa rabuwa, da aka tono tushen rigimar sai aka tarar turmi uku ne da ba a faɗa wa miji ba. Littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4, ya ba da labarin gwauruwar da mai binta bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Annabi Elisha bai yi mata faɗa ba, ya tambaye ta abin da take da shi a gida, da ɗan man da ya rage kuwa Allah ya fitar da ita. Duk wadda kacala ta riga ta toshe mata hanya, ta fara daga nan: ta faɗa wa mijinta gaskiya, ta rubuta bashin duka a takarda ɗaya, ta daina ƙarawa.

Akwai wani kashe kuɗi wanda ya fi bashi muni, domin jiki yake ci. Muna nufin man bilicin. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ma'aikatan jinya da suke cikinmu sun fi mu sanin dalili. Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba, wadda take lalata ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga jaririn da yake ciki ko wanda yake shan nono. Wasu suna ɗauke da maganin sitiroyid mai ƙarfi, wanda yake sirantar da fata har ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Wasu kuma, bayan an daɗe ana shafawa, sukan bar baƙin tabo a kumatu wanda ya fi launin da aka gudu duhu. Duk wannan a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, inda baƙar fata ita ce laimar da Mahalicci ya ba mu. Har mun ji akwai iyaye masu shafa wa ƙananan yara. Wannan kam ba za mu sassauta harshe a kansa ba: cutar da jikin yaro don a yabi launinsa zunubi ne, a daina.

Mu dubi Waliyyiya Yosefina Bakhita. An sace ta tana yarinya a Darfur, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, wata uwargijiyarta ta sa aka tsattsage mata jiki da reza aka cusa gishiri, tabo fiye da ɗari. An kai ta Italiya a 1885, ta karɓi baftisma a 1890, ta yi sauran rayuwarta a can cikin zuhudu, ita kaɗai ce baƙa a tsakanin fararen fata, har ta rasu a 1947. Mutanen garin Eskiyo suna kiranta baƙar uwarsu, da ƙauna suke faɗa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga ta zuwa matsayin waliyyai a shekarar 2000. Abin da aka yi wa fatarta da ƙarfi aka yi mata. Yaya za mu fitar da kuɗinmu mu sayi abin da zai yi wa tamu lahani?

Yanzu mu juya ga maza da dangi, gama ba adalci ba ne a ɗora wa mata kayan duka. Mijin da yake yaba matar wani don haskenta a gaban matarsa, shi ne ya sayi kwalbar farko, ko da bai ba da ko kwabo ba. Mijin da ba ya faɗa wa matarsa abin da yake samu, amma yana da kuɗin giya kowane maraice, ba shi da bakin tambayar kuɗin leshi. Ku kuma iyaye da ƙanne da kuke gida, ku ji tausayin 'yarku da take ƙasar waje. Kuna ganin hotonta cikin babbar riga a gaban wani dogon gini, kuna juya fam zuwa naira a zuci. Ba ku ga kuɗin haya ba, ba ku ga na ɗumama ɗaki da hunturu ba, ba ku ga daren da ta kwana a tsaye tana juya tsofaffi a gadon jinya ba. A watan Maris na 2024 Ingila ta hana sababbin masu zuwa aikin kula da tsofaffi su tafi da iyalansu, saboda haka da yawa suna can su kaɗai, ba miji, ba 'ya'ya. Mace mai kaɗaici kuwa kanti yakan zama mata abokin hira. Idan kun kira ta, ku tambayi lafiyarta da ko tana samun zuwa Misa, kafin ku aika mata da hoton anko. Ke ma 'yarmu, ki daina aiko da hoton da yake yi wa rayuwarki ƙarya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙanwarki tana kallo, tana raina aikin koyarwa da take yi a Kafin Hausa saboda abin da ta gani a wayarki.

Abin da ya sa muka ga wajibi ne mu rubuta wannan duka, wata kujera ce da ta zama wofi. Wata 'yar'uwa, ba za mu faɗi ko a wace majami'a ba, ta daina zuwa sujada makonni da dama. Da katikis ya je gidanta yana tsammanin rashin lafiya ce, sai ta ce ba ta da abin sawa, gama duk Lahadi ana kallonta cikin zane ɗaya. Manzo Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsawata wa taron masu bi da suke ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, suna barin mai tsumma a tsaye. Mu ba mu ce wa kowa ya tsaya ba, amma idanunmu sun faɗa. Idan adonmu ya kori ko mutum ɗaya daga teburin Ubangiji, to, ya yi tsada fiye da abin da aka rubuta a Kantin Kwari.

Saboda haka muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata Katolika a kowace majami'a ta wannan yanki, su sa wannan magana a taronsu na gaba kafin Lahadi ta fari ta lokacin Zuwan Ubangiji. Muna ba da shawara zanen Zumunta ya wadatar a bikin girbi da jana'izar 'yar ƙungiya, kada a fitar da wani sabo a kansa. Idan iyali za su fitar da anko, su tambayi wadda ta fi kowa ƙaramin ƙarfi kafin su zaɓa, su kuma faɗa a fili cewa wadda ba ta saya ba tana da kujera da abinci kamar kowa. Masu akwatuna cike da kayan da suka shekara biyu ba a taɓa ba, su wanke su goge, su miƙa wa Uwar Zumunta a ɓoye, ita kuwa ta san gidajen da za ta kai su da dare ba tare da an ji suna ba. Ma'aikatan jinyarmu kuma muna roƙo ɗaya daga cikinsu ta ɗauki rabin sa'a a taron, ta zo da kwalaben mayukan da ake sayarwa a kasuwa, ta karanta wa iyayenmu mata abin da aka rubuta a bayansu.